Wane Irin Allon Kwamfuta Ya Kamata Mai Wasa Ya Saya?

'Yan'uwa ɗalibai, a cikin dukan kayan da suka haɗu suka zama kwamfuta, babu wanda muke daɗewa muna kallo kamar allonta. Injin da ke cikin akwati ba ma ganinsa. Katin da ke zana hoto shi ma yana ɓoye. Allo kuwa kullum yana gabanmu, ko aikin makaranta muke yi, ko wasa. Kuma shi ne kan daɗe a gida. Sau da yawa kwamfuta takan tsufa a sake ta, allo yana nan a kan tebur yana aiki da sabuwa. Duk da haka, in an zo saye, shi ne aka fi yi wa gaggawa. Wani girma kawai yake dubawa, wani kuma lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali.

Kuɗin nan yawanci ba namu ba ne. Gumin iyayenmu ne, ko na wani yaya, ko ɗan abin da mutum ya daɗe yana tarawa. Idon da za a kalli allon da shi kuma babu inda ake sayar da wani. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu a fili. Allon da ya fi dacewa da mai wasa shi ne wanda kwamfutarsa za ta iya ciyarwa, wanda kuma ya yi daidai da irin wasan da yake yi. Ga yawancinmu, wannan yana nufin allo mai inci 24, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, mai sabunta hoto kamar sau 144 a sakan, mai gilashi irin na IPS. Za mu bi dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu saurari masu ja da mu.

Inda aka faro

Malamanmu sun san allo mai ƙaton ƙeya, irin tsohuwar talabijin. Tushensa wani bututu ne da Karl Ferdinand Braun, masani ɗan ƙasar Jamus, ya ƙirƙiro a 1897. A 1987 kamfanin IBM ya fito da tsarin VGA, mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, aka daɗe ana amfani da shi. Waɗannan alluna suna da nauyi, suna cin wuta, suna kuma cinye rabin tebur. Amma wajen motsi ba su da nawa, hoto na fita nan take. Shi ya sa wasu masu gasar tsofaffin wasanni ba su rabu da su ba.

A cikin shekarun 2000 allo mai faɗi marar ƙeya ya kori mai bututu daga kasuwa. Ya zo da sauƙin ɗauka da ƙarancin cin wuta, ya kuma zo da nasa matsalolin, musamman wajen nuna abin da ke gudu. Yawancin lambobin da muke gani yau a jikin kwali sun samo asali ne daga ƙoƙarin magance waɗannan matsaloli. Wanda ya san abin da kowace lamba ke nufi, da wuya a ruɗe shi a shago.

Yawan ɗigo

Hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigo ne, kowanne da launinsa. Allo mai 1920 da 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Mai 2560 da 1440 yana da 3,686,400. Wanda ake kira 4K, wato mai 3840 da 2160, yana da 8,294,400, ninki huɗu cif na na farko. Ba shakka yawan ɗigo na ƙara wa hoto tsabta. Rubutu kan fito sarai, ciyawa da gashi da duwatsu a cikin wasa su yi kyau.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Allo ba ya zana komai da kansa. Katin hoto da ke cikin kwamfuta shi ne ke lissafa launin kowane ɗigo, kuma yana sake wannan lissafi sau da yawa a cikin sakan guda. In an ninka ɗigo sau huɗu, an ɗora masa aiki mai yawan gaske. Katin da ke tafiyar da wasa lami lafiya a kan 1080, in aka haɗa shi da allon 4K sai ka ga hoto na tafiya yana tsayawa kamar tsohuwar mota a kan tudu. Hausawa na cewa tuwon girma miyarsa nama. Allon 4K miyarsa ita ce katin hoto mai tsada, wanda sau da yawa kuɗinsa ya fi na allon.

Wani zai ce ai sai ya sayi 4K, in wasa ya yi nauyi ya rage ɗigon zuwa ƙasa. Ana iya yin haka, amma allo marar ƙeya yana da adadin ɗigonsa na asali, kuma a nan ne kaɗai hotonsa ke fita sosai. In an ba shi ƙasa da haka, sai ya miƙar da hoton don ya cika fuskarsa, yawanci kuma hoton kan ɗan dushe. Wato mutum ya biya kuɗin abin da ba ya mora.

Girman allo kuma yana tafiya ne tare da yawan ɗigo. A allo mai inci 24 da 1080, kowane inci na ɗauke da ɗigo kamar 92. In aka baza wannan 1080 ɗin a kan inci 27, sai ya koma kamar 82, wanda ya zauna kusa yana iya ganin rubutu ya yi kaushi. Inci 27 da 1440 yana ba da kamar 109, shi ya sa ake yawan haɗa su. Don haka dokar mai sauƙi ce: 1080 da inci 24, 1440 da inci 27, 4K kuma daga inci 27 zuwa 32. Kada kuma wani ya ji kunyar 1080. Binciken da kamfanin Valve ke yi duk wata a kan masu wasa ta manhajar Steam ya nuna cewa a 2024 fiye da rabinsu allon 1080 suke amfani da shi.

Saurin sabunta hoto

Motsin da muke gani a allo ba motsi ba ne na gaskiya. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri har ido ya ɗauka abu na tafiya. Yawan lokutan da allo ke sabunta hoto a cikin sakan guda shi ake aunawa da Hz, don tunawa da Heinrich Hertz, wani masanin kimiyya na Jamus. Allon ofis na yau da kullum 60Hz ne. Na wasa kuwa akwai 144, akwai 165, akwai 240, akwai 360, har da waɗanda suka haura haka.

A nan ne muke roƙon ku ku tuna da darasin lissafi. A raba sakan guda gida 1,000, kowane kashi a kira shi milisakan. Allo mai 60Hz yana riƙe kowane hoto na tsawon milisakan 16.7. Mai 144Hz yana riƙe shi na 6.9. Mai 240Hz, 4.2. Mai 360Hz, 2.8. To, ku duba ribar da ake samu a kowane mataki. Daga 60 zuwa 144 an rage kusan milisakan 10. Daga 144 zuwa 240 ba a rage ko 3 ba. Daga 240 zuwa 360 kuwa abin bai kai 1 da rabi ba. Lambar jikin kwali tana ta hawa, kuɗi na ta hawa, riba kuma tana ta raguwa.

Tsallen farko, daga 60 zuwa 144, kusan kowa yana ganinsa. Ko linzamin kwamfuta kawai mutum ya motsa zai ga alamarsa na tafiya sumul. A wasan da ake juyawa da sauri, abin da ke gudu kan fito a sarari, hannu da ido su fi jituwa. Wannan mataki ya cancanci kuɗinsa, kuma yanzu bambancin farashinsa da allon 60Hz ba shi da yawa kamar da. Matakan da ke sama da shi na masu gasa ne, waɗanda wasa ya zama musu sana'a, kuma suke da injin da zai iya fitar da ɗaruruwan hotuna a sakan.

Wannan shi ne sharaɗin da ake mantawa. Allo mai 240Hz ba ya haifar da hoto. In katin hoto 70 kawai yake iya bayarwa a sakan, to 70 ɗin nan mutum zai gani, ko da allon na iya ɗaukar ninki uku. Kamar mutum ne ya haɗa famfo mai ƙaramin bututu da ƙaton tanki, girman tankin ba zai ƙara gudun ruwa ba. Saboda haka kafin a je kasuwa, a buɗe wasan da aka fi yi, a kunna ma'aunin da ke nuna yawan hoto a sakan, a ga abin da kwamfutar ke iyawa. Wannan lamba ita ce za ta yi jagora wajen saye. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka su fi kowa kula da wannan, domin da yawa daga cikinsu ba su da katin hoto na daban, kuma sabon allo ba zai ƙara musu ƙarfi ba.

Wane wasa ake yi?

Wasanni ba ɗaya ba ne, bukatunsu ma haka. Akwai na harbi da gasa, irin su Counter-Strike 2 na 2023, da Valorant na 2020, da Fortnite na 2017. A nan sauri shi ne gaba da komai. Ƙwararrun 'yan gasar Counter-Strike yawanci allo mai inci 24 ko 25 suke amfani da shi, mai ɗigo 1080, da yawansu ma har rage ɗigon suke yi da gangan. Ƙaramin allo yana sa duk filin wasa ya shiga ido ba sai an juya kai ba. In waɗanda ke cin abinci da wasa ba su ga bukatar ƙaton allo ba, mu da ke yi bayan aji me za mu yi da shi?

Akwai kuma wasannin labari da yawon duniya, irin su Cyberpunk 2077 na 2020, inda daɗin abin yake cikin kyan gani. Waɗannan suna da nauyi ƙwarai ga katin hoto, kuma mai yin su zai fi morar yawan ɗigo da kyan launi fiye da gudun da injinsa ba zai kai ba. Wasu wasannin ma an ɗaure su a kan hoto 60 a sakan tun daga wurin masu ƙera su. Tekken 8 da Street Fighter 6 haka suke, Elden Ring na 2022 ma haka. Wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC, wanda kafin 2023 ake kira FIFA, shi ma yana da daɗi a kan 60.

Masu na'urar wasa ta musamman su ma su lura. PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a watan Nuwamba na 2020, ba sa wuce 120Hz. Wanda ya saya musu allo mai 240Hz ya biya kuɗin rabin da ba zai taɓa gani ba.

Lambobin da ke ruɗin mai saye

Akwai lambobi biyu da muke so ku yi hattara da su. Ta farko ita ce milisakan 1 da ake bugawa a kusan kowane kwali. Abin da ake nufi shi ne lokacin da ɗigo ke ɗauka kafin ya sauya daga wani launi zuwa wani. In ɗigo na da nawa, abin da ke gudu a allo kan ja wata inuwa a bayansa kamar wutsiya. Matsalar ita ce babu hanya guda da dukan kamfanoni ke bi wajen awon. Ana iya ɗaukar sauyi mafi sauri a cikin dukan sauye-sauyen launi a ce shi ne gudun allon. Ana kuma iya samun lambar ta hanyar ƙure wani saiti da ke tura ɗigo da ƙarfi, har ya wuce launin da ake nema, ya bar wani farin zane a gefen abin da ke motsi, wanda ya fi inuwar muni. Don haka alluna biyu na iya ɗaukar lamba ɗaya a kwali, a aikace kuma su bambanta nesa ba kusa ba. Wannan lamba kuma daban take da jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako a allo, wanda shi ba a cika rubuta shi a kwali ba.

Ta biyu ita ce HDR, wato fasahar da ke sa wuri mai haske ya yi haske sosai, mai duhu kuma ya yi duhu sosai a cikin hoto guda. A watan Disamba na 2017 ƙungiyar VESA ta fito da ma'aunin DisplayHDR mai matakai. Mataki mafi ƙasa, wato 400, bai tilasta wa allo ya iya rage fitilar wani sashe ya bar ta wani ba. In babu wannan kuwa, duhu ba zai yi duhu ba, sai dai ya yi toka-toka. HDR na sosai sai a allo mai tsada, ko mai fitilu ƙanana da yawa a bayansa, ko OLED. Shawararmu ita ce, a allo mai sauƙin kuɗi kada a ƙara ko sisi saboda waɗannan baƙaƙe uku.

Irin gilashin

Alluna marasa ƙeya iri-iri ne. TN shi ne mafi daɗewa, yana da sauri da araha, amma launinsa ba shi da ƙarfi, kuma da mutum ya ɗan kauce gefe ko ya sunkuya sai launin ya sauya. IPS, wanda kamfanin Hitachi ya fara fitarwa a 1996, launinsa na da kyau kuma ba ya sauyawa daga gefe. A da yana da nawa, amma na yanzu ya yi sauri har ya ishi yawancin masu wasa. Rauninsa shi ne baƙinsa ba ya yin baƙi ƙirin. Bambancin farinsa da baƙinsa kamar 1,000 ne a kan 1. VA ya fi shi a nan, yakan kai kamar 3,000 a kan 1, shi ya sa yake da daɗi wajen kallon fim a ɗaki mai duhu. Sai dai da yawa daga cikin masu arahar VA kan ja inuwa in abu mai duhu na motsi.

OLED kuwa kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, in ya mutu ya mutu, baƙi ya zama baƙi na ainihi, sauyin launinsa kuma kamar ƙiftawar ido. Wajen kyau babu kamarsa. Amma yana da tsada, kuma hoton da ya daɗe a wuri guda na iya barin tabo na dindindin, misali layin da ke ƙasan Windows. Ɗalibin da zai yi sa'o'i yana buga aikin makaranta a kan wannan allo ya kamata ya yi tunani sau biyu. Mun zaɓi IPS ne domin allonmu ba na wasa kaɗai ba ne. A kansa za mu yi karatu, a kansa za mu yi rubutu, wani lokaci mu taru mu uku ko huɗu muna kallo daga gefe da gefe.

Yagewar hoto da wayar haɗi

Akwai wani abu guda da ba a cika tallarsa da ƙarfi ba, alhali ya fi yawancin waɗancan lambobi amfani. Katin hoto ba ya ba da hotuna a kan gudu ɗaya. Yanzu 90, an jima 60, gwargwadon abin da ke faruwa a wasa. In allo na tafiya da nasa gudun ba tare da jiran katin ba, sai ya nuna rabin wani hoto da rabin na bayansa, a ga kamar an yaga hoton a tsakiya. Maganinsa shi ne allo ya riƙa bin gudun katin. Kamfanin Nvidia ya fito da G-Sync a 2013, AMD kuma ya fito da FreeSync a 2015. Tun daga 2019 katunan Nvidia ma suna aiki da alluna da yawa masu FreeSync. Ga mai matsakaiciyar kwamfuta wannan fasaha babbar gata ce, domin ita ke ɓoye hawa da saukar da injinsa ke yi. Kada a sayi allon wasa da ba shi da ita.

A duba kuma kafofin haɗi, na jikin allo da na jikin kwamfuta. HDMI 1.4 ba ya kai 4K sama da 30Hz. HDMI 2.0 yana kai shi 60Hz. Sai HDMI 2.1, na 2017, shi ke ɗaukar 4K a kan 120Hz. Ga kwamfutar tebur, yawanci DisplayPort ya fi dacewa. Allon da ba shi da komai sai tsohuwar kafar VGA mai launin shuɗi, a bar shi. Bayan an haɗa, a shiga saitin allo a cikin Windows a zaɓi gudun da aka biya wa kuɗi, domin sau da yawa yakan tsaya a 60 har sai an sauya shi da hannu.

Masu ja da mu

Mun san akwai waɗanda ba su yarda da mu ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa tun da allo kan fi kwamfuta daɗewa, ai gara a sayi babba tun yanzu, in an sami katin hoto mai ƙarfi nan gaba a more shi. Suna kuma kawo fasahohin da ke ƙara wa hoto ɗigo da dabara, irin DLSS na Nvidia da FSR na AMD wanda ya fito a 2021, waɗanda ke rage wa kati nauyi.

Mun yarda da rabin maganar. Wanda ya tabbata zai sake kati a cikin shekara guda, kuma kuɗin na hannu, allo mai inci 27 da 1440 zaɓi ne mai kyau, ba mu hana shi ba. Amma wanda fata kawai yake yi, zai shafe shekaru yana wasa a kan hoto mai tsayawa yana jiran ranar da ba a sa ba. Kafin ranar ta zo kuma, allon da ya saya da tsada ya yi araha, an fito da wanda ya fi shi. Dabarun ƙara ɗigo suna taimako, amma DLSS sai a katunan RTX yake aiki, kuma ba kowane wasa ke ɗauke da su ba. Kuɗin da ya ragu in an sayi allo daidai wa daida, in aka sa shi a katin hoto, ribarsa a wasa ta fi yawa.

Akwai kuma masu cewa talabijin ɗin falo ta wadatar. Ga na'urar wasa da ake yi daga kujera, haka ne, muddin an kunna saitin wasa da ke cikinta, domin in ba haka ba talabijin kan ɓata lokaci tana gyara hoto kafin ta nuna shi. Amma a ɗora ta a kan teburin karatu, fuska na kusa da ita, wannan wahalar da wuya ne da ido.

Ranar saye

Kada a yi cinikin biri a sama. Da yawanmu na hannu za mu saya, kuma wannan ba abin kunya ba ne, in dai an duba da kyau. A sa mai shago ya kunna. A cika fuskar allon da fari, sa'an nan baƙi, sa'an nan ja, da kore, da shuɗi, a nemi ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi guda. A kan baƙin, a duba ko haske na tsiyaya ta gefuna. A gwada kowace kafar haɗi. A tabbata allon ya kai gudun da aka ce yana kaiwa. A tambayi sharaɗin mayarwa, a kuma karɓi rasit. In da hali a tafi da wanda ya san kan abin, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

A tuna kuma da halin wutarmu. Allo mai inci 24 bai cika wuce wat 30 ba, manya masu haske sosai kuwa sun fi haka ci, kuma wannan abin dubawa ne ga gidan da ke amfani da batir da hasken rana ko ƙaramin janareto. Wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi tana iya ƙona allo nan take. A ware wani abu daga cikin kuɗin a sayi na'urar daidaita wuta. Lokacin hunturu kuma a riƙa rufe allon da ƙyalle, a goge shi da tsumma mai laushi.

Ido ba shi da madadi

Kowane irin allo aka saya, yadda aka zauna a gabansa shi ne babba. A nemi mai ƙafar da ake iya ɗagawa da saukewa, a daidaita shi yadda samansa zai zo daidai ido ko ƙasa kaɗan, a bar tazarar kamu ɗaya na miƙaƙƙen hannu. Kada a ƙure haske a ɗaki mai duhu. Likitocin ido suna ba da wata shawara mai sauƙin riƙewa: duk bayan minti 20, a kalli wani abu mai nisan ƙafa 20 na tsawon sakan 20. Mai kallon allo yakan rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba, ido ya bushe ya yi zafi, balle a lokacin iskar hunturu. Wannan hutu ba a biyan ko kwabo a kansa, kuma babu allon da ya kai shi amfani ga ido.

A ƙarshe, muna kira ga ƙannenmu da ke ƙananan azuzuwa, kafin ku je wurin Baba ko Mama da maganar allo, ku ɗauki takarda ku rubuta amsar tambayoyi huɗu. Wane wasa nake yi? Hoto nawa kwamfutata ke bayarwa a sakan? Wace kafar haɗi take da ita? Nawa ne a hannu? Wanda ya amsa waɗannan, mai shago ba zai juya shi da lambobin kwali ba, iyayensa kuma za su ga cewa ya san darajar kuɗinsu. In an kawo allon gida, a tuna cewa shi ne kuma allon karatu, kuma jarrabawa ba ta jiran wanda bai gama wasa ba.